Idan motarka ta ce sanyi ya kai −40 a tsakiyar bazara

A watan Afrilu da rana tsaka, kwalta na huci kamar tanda, amma allon dashbod ya dage cewa zafin waje −40 ne. Wata motar kuma 'yan layuka take nunawa babu lamba, wata lambar ta yi ta tsalle daga 12 zuwa 55 duk lokacin da aka faɗa rami. Masu tsofaffin motoci da yawa sukan kawar da kai tunda mota na tafiya, sai ranar da AC ya ƙi sanyi. Daga nan a garzaya wurin mai gas, a ƙara gas ɗin da bai ƙare ba, a zargi kwamfuresa, wani lokaci har a ja mata waya kai tsaye daga batir. Alhali lambar nan da ke kan allo ta riga ta faɗi inda ciwon yake, wato sensar da ke auna zafin waje ko wayarta, kuma mitar lantarki ta hannu za ta tabbatar da shi cikin rabin sa'a.

Abin da ke haɗa sensar zafin waje da AC shi ne, a motoci da yawa masu AC mai sarrafa kansa, wato mai madannin AUTO, kwamfuta ba ta barin kwamfuresa ta kama idan ta ga iskar waje ta kusa daskarewa. An yi haka ne don ƙasashen da ake ƙanƙara. Kwamfutar ba ta san Kano ko Sakkwato ba, abin da sensa ta gaya mata shi take aiki da shi. In an ce mata −40 ne, za ta hana kwamfuresa tashi, kuma tana iya turo maka iska mai ɗumi don ta ɗumama ka.

Ina sensar take

Ƙarama ce, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, baƙar roba mai ɗan tsini, wayoyi biyu rak. A yawancin Toyota da Honda tana gaban kwandansa, wato faffaɗan abin AC mai kama da lagireto da ke gaban mota, bayan ragar gaba ko bayan bamba, an maƙala ta a jikin ƙarfen da ke riƙe da makullin bonet ko kusa da shi. A tsofaffin BMW irin E39 da E46 tana can ƙasa, cikin robar da ke kusa da tayar gaba, shi ya sa rami ɗaya mai zurfi ko hawa kan dakalin titi kan fizge ta ita da wayarta. Peugeot kuwa a madubin gefe ta ajiye tata. A 406 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da 307, in ka shafa ƙarƙashin madubin hannun dama za ka ji wani ɗan ƙullutu, ita ce.

Kada a rikita ta da 'yan uwanta biyu. Akwai sensar zafin ruwan inji, wadda ke jikin inji kusa da tamostat, ita ke motsa allurar zafi da fanka. Akwai kuma sensar zafin iskar da inji ke shaƙa, tana kan bututun iska bayan filta. Dukansu ukun iri ɗaya suke aiki, amma kowacce da inda take kai rahoto.

Kafin ka sa hannu a gaban mota, kashe inji ka zare makulli, domin fankar lantarki kan tashi da kanta. Sannan duk soket mai launin rawaya da ka gani a wurin, ƙyale shi. Na jakar iska ne, ba a sa masa mita, ba a haɗa bakinsa.

Yadda take magana da kwamfuta

In ka fahimci wannan sashe, sauran aikin ya zo da sauƙi. A cikin robar akwai ɗan ƙwayar abu da ake kira tamista. Halinsa shi ne yana turje wa wuta idan ya ji sanyi, yana sakar mata hanya idan ya ji zafi. Wato zafi na hawa, turjiya na sauka. Ana auna wannan turjiya da om, alamarta Ω, om dubu kuma kΩ.

Kwamfuta tana turo 5V ta cikin wata rizista, wato ɗan abu mai turjiya tsayayya, da ke cikinta, wutar ta bi waya ɗaya zuwa sensa, ta koma ta ɗaya wayar zuwa at, wato ɓangaren nagatif. Kwamfutar sai ta riƙa duba yawan wutar da ta rage a kan wayar farko, wadda ake kira wayar sigina. In sensa ta turje sosai, wuta mai yawa ta rage, sai ta ce sanyi ake. In sensa ta saki hanya, wuta ta zurare, sai ta ce zafi ake.

Yanzu ka ga dalilin −40. Idan waya ta tsinke ko soket ya fita, babu hanya ko kaɗan, turjiya ta kai maƙura, wutar ta tsaya cak a 5V. Kwamfuta sai ta nuna sanyi mafi tsanani da ta sani. Idan kuma wayoyin biyu suka goge suka haɗu, ko wayar sigina ta taɓa bodi, wuta ta faɗi kusan sifili, allo sai ya nuna zafi mafi girma da yake iya nunawa. A E46, alal misali, tsinkewa −40 ce, haɗewa kuma 50°C.

Abin da ya fi wahalar ganewa shi ne na tsakiya, lambar da ba ta haukace ba amma ƙarya ce. Tsatsa a bakin soket ƙarin turjiya ce a kan hanya, don haka allo zai nuna ƙasa da gaskiya. Ɗauki sensar Toyota a zafin 35°C, turjiyarta wajen 1.1 kΩ. Bari kore-koren tsatsa ya ƙara mata om 500, sun zama 1.6 kΩ, wanda a lissafin kwamfutar kusan 25°C ne. An yi asarar digiri goma a bakin soket kaɗai, sensa kuma lafiyarta ƙalau. Ruwa ko jiƙaƙƙen taɓo a cikin soket akasin haka suke yi: suna buɗe wa wuta ɓarauniyar hanya tsakanin ƙusoshin biyu, sai allo ya nuna sama da gaskiya. Shi ya sa irin wannan matsala ta fi tasowa da damina ko bayan wankin inji da ruwa mai ƙarfi.

Tabbatar akwai matsalar tukuna

Motocin da aka shigo da su daga Amurka da ma'aunin Fahrenheit, wato °F, suke ƙidaya, ba da °C da muka saba ba. In ka ga 104 da azahar a Maiduguri, babu abin da ya lalace, 40°C ke nan. A cire 32, a ninka da 5, a raba da 9. Lamba ɗaya ce tal ma'aunan biyu suka yi tarayya a kanta, ita ce −40.

Haka kuma sensa mai lafiya takan ƙara wasu digirori a cunkoso, saboda hucin kwalta da na lagireto da hayaƙin motar gaba. Littafin mai mota na Honda ma ya faɗi cewa lambar kan iya kaucewa idan gudu bai kai kilomita 30 a sa'a ba. Don haka kada a yanke hukunci a tsaye a rana.

Lokacin gwaji mafi inganci shi ne da sassafe, bayan mota ta kwana ba a tayar ba. Murɗa makulli zuwa ON ba tare da tayar da inji ba, ka gwada lambar allo da ma'aunin zafi na hannu da ka ajiye a gaban raga na minti biyar. In kana da na'urar sikanin, wadda ake jonawa a mota don karanta abin da kwamfutarta ke gani, ka fi samun sauƙi: duba zafin ruwan inji, zafin iskar shaƙa da zafin waje a jere. Motar da ta kwana, duk ukun ya kamata su kusanci juna, bambanci bai wuce digiri biyu zuwa uku ba. Wadda ta ware daga sauran, ita ake tuhuma.

Lambobin kuskure da ke da alaƙa da ita su ne P0070 zuwa P0074. P0072 na nufin wuta ta yi ƙasa, wato haɗewa. P0073 wuta ta yi sama, wato tsinkewa. P0071 lambar ba ta yi daidai da sauran sensoci ba, P0074 kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Sai dai a tsofaffin motoci da yawa wayar ba ta zuwa birenbos, wato kwamfutar inji, kwamfutar AC ko agogon dashbod take zuwa, kuma ƙananan na'urorin sikanin masu araha ba sa shiga can. Rashin ganin lamba a irinsu ba shaidar lafiya ba ce. Toyota da Lexus da yawa masu AC na AUTO suna da hanyarsu ta cikin gida: danne AUTO da madannin juya iskar ciki tare, ka murɗa makulli zuwa ON kana riƙe da su. Fitilun za su yi ƙyafta-ƙyafta, sannan lamba ta fito a inda ake ganin zafi. 12 ita ce ta sensar waje, a sikanin kuma B1412. In ka ga 21 alhali mota na cikin inuwa, kada ta dame ka, sensar hasken rana ce ba ta ga rana ba.

Ido kafin mita

Leƙa ka gani ko sensar na nan ma. Motar da aka taɓa yi wa gyaran gaba, sau da yawa za ka tarar da soket yana reto babu komai a bakinsa, an manta da ita a jikin tsohuwar bamba. Wani lokaci tana nan amma kilif ɗinta ya karye, an ɗaure ta a jikin kwandansa ko an cusa ta bayan fitila. Kwandansa kuwa zafi take fitarwa muddin AC na aiki, don haka allo zai yi daidai da safe, ya haura 50 da zarar an kunna AC an tsaya. Wannan ba ya buƙatar sabon kaya, mayar da ita mazauninta kawai.

A Peugeot tambayar farko ita ce ko an taɓa canza madubin dama. Akwai madubin da ya yi kama da naka sak amma babu sensa a cikinsa. Wuri na biyu shi ne robar nan mai lanƙwasa da wayoyi ke bi daga ƙofa zuwa bodi. Shekara ashirin ana buɗewa ana rufewa, tagullar ciki takan karye alhali rigar wayar ba ta nuna komai. Alamar ita ce lamba ta canza idan an buɗe ƙofa.

Awo da mita

Cire soket, ka sa mita a kan 20 kΩ, ka taɓa ƙusoshin sensar biyu. Ba ta da gaba da baya, kowace igiya a kowane ƙusa. Ga abin da littafin gyaran Toyota ke tsammani daga sensarsu:

10°C: 3.00 zuwa 3.73 kΩ
20°C: 1.95 zuwa 2.30 kΩ
25°C: 1.60 zuwa 1.80 kΩ
30°C: 1.28 zuwa 1.47 kΩ
35°C: 1.00 zuwa 1.22 kΩ
40°C: 0.80 zuwa 1.00 kΩ
50°C: 0.50 zuwa 0.70 kΩ

Motocin General Motors da yawa kuwa sensarsu 10 kΩ ce a 25°C, wajen 8 kΩ a 30°C, wajen 5.3 kΩ a 40°C. Ka ga tazarar ba kaɗan ba ce, don haka nemi jadawalin motarka kafin ka ce lamba ta yi ko ba ta yi ba. Ka kuma bar sensar ta huce a inuwa minti kaɗan kafin awo, kada ka riƙe tsininta da yatsu, zafin jikinka zai shiga lissafin.

Awo ɗaya bai isa ba. Sensar da ta tsage takan ba da lamba mai kyau a zaune, ta ɗauke idan zafi ya canza. Ciro ta, ka tsoma tsininta kawai cikin kofin ruwa mai ƙanƙara, kada ruwa ya kai ga ƙusoshi. Lambar ta riƙa hawa a hankali, ta Toyota har ta haura 4 kΩ. Mayar da ita cikin ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, lambar ta riƙa sauka sumul. In ta yi tsalle, ko ta ɓace ta dawo, ko ta ƙi motsi, sensar ta mutu. In mita ta nuna babu hanya gaba ɗaya ko ta nuna kusan sifili, babu sauran bincike a kanta.

In sensa ta ci jarrabawa, sai a koma kan waya, kuma a ganina nan ya kamata a fi ba da lokaci, domin tamista a rufe take cikin roba babu abin da ke motsi a cikinta, wayar ce ke shan duwatsu da ruwa da haƙorin ɓera. Makulli a ON, sensa a cire, mita a kan 20V na DC, wato irin wutar batir, auna tsakanin ramukan soket biyu. Ya kamata ka ga kusan 5V. In ka gani, wayoyin biyu sun iso. In ba ka gani ba, ɗora baƙar igiya a kan nagatif na batir, ka taɓa kowane rami da ja. In ɗaya ya ba da 5V, wayar at ce ta tsinke. In babu a ko ɗaya, wayar sigina ce ta tsinke ko ta taɓa bodi, ko kuma matsalar na can wurin kwamfuta.

A nan ina roƙon masu wayarin abu guda: kada a gwada wannan layi da ƙwan gwaji, kada kuma a tura masa 12V don a ga ko zai motsa. Layin 5V ne mai ƙaramin ƙarfi, ɗaya ƙarshensa a cikin kwamfuta yake, kuma kuɗin kwamfutar AC ya ninka na sensa sau da yawa.

Don gano inda waya ta tsinke, kashe makulli, cire soket na ɓangaren kwamfuta, ka auna kowace waya daga wannan baki zuwa wancan. Ƙasa da 1 Ω ake so. Sannan auna wayar sigina da bodi, kada a sami hanya. Yayin da mita ke maƙale, sa wani ya riƙa girgiza damin wayoyin taƙi-taƙi, musamman inda ya bi ta gefen lagireto da inda aka taɓa naɗe shi da salatif. Inda lamba ta motsa, nan za ka farke.

Akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama gaba ɗaya. Sayi rizista a wurin masu gyaran rediyo, 1.8 kΩ don Toyota, 10 kΩ don mai sensar 10 kΩ, ka cusa ƙafafunta biyu a ramukan soket a madadin sensa. In waya da kwamfuta lafiya suke, sikanin zai nuna kusan 25°C, kwamfuresa kuma ta kama. Wasu sukan bar rizistar a nan dindindin. A matsayin dabarar kwana biyu kafin a sami kaya, babu laifi. Amma motar da ta yarda kullum 25°C ake ba za ta ba ka cikakken sanyi a AUTO da bazara ba, ba kuma za ta daidaita da sanyin asubar hunturu ba.

Gyaran kansa

In tsatsa ce, fesa maganin wanke soket na lantarki, ka kankare ƙusoshin da ɗan siririn buroshi har ƙarfe ya fito fes, ka bari ya bushe. Duba ramukan soket ɗin ko sun saki baki. In ƙusa na shiga babu kamu, a matse ramin da allura a hankali, ko a canza soket ɗin. Shafa ɗan giris na silikon a kan robar da ke tare ruwa kafin ka mayar. In koren ya bi cikin waya har tagulla ta yi baƙi, wankewa ba za ta yi ba. Yanke har inda tagulla ke sheƙi, ka dasa sabon soket mai guntun wayarsa.

Haɗin waya a wannan layi ba ya son murɗe-da-salatif. Mun riga mun ga abin da om 500 ke yi, kuma murɗaɗɗen haɗi a gaban mota damina ɗaya ta ishe shi ya tara fiye da haka. Zura robar nan mai tsukewa da zafi tukuna, mai gam a ciki in an samu, ka haɗa wayar da dalma, ka ja robar ta rufe, ka gasa ta. Waya mai kaurin 0.5 mm² ta wadatar. Kada haɗin biyu su zauna kafaɗa da kafaɗa, a gusa ɗaya gaba da kamar santimita uku, sannan a ɗaure damin yadda ba zai goga da ƙarfe ba.

In sensar ce za a canza, kamannin soket ba hujja ba ce. Ka sa sensar 10 kΩ a Toyota da rana mai zafin 35°C, turjiyarta wajen 6.5 kΩ, kwamfutar za ta karanta ƙasa da sifili, ka koma gidan jiya da sabon kaya a hannu. Saya da lambar kaya ko lambar shasi. Kuma ko sabuwa ce a kwali, ko ta hannu ce daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, tafi da mitarka ka auna ta a gaban mai shago, ka gwada da zafin wurin. Ta hannu ta asali da ta ba da lamba daidai ta fi sabuwar da ba a san jadawalinta ba.

Ta Peugeot ba ta da soket a jikinta, da wayoyinta biyu take zuwa. Sai an ɓalle gilashin madubi ko murfinsa a hankali, a turo tsohuwar daga mazauninta, a yanke wayoyin, a haɗa sabuwar da dalma. Ba ta da gaba da baya, kowace waya ta hau kowacce.

Wajen mayarwa a motocin da take gaba, tsinin ya fuskanci iskar da ke shigowa, kada ya taɓa kwandansa ko wani ƙarfe, kada kuma ya ɓuya bayan lambar mota ko ƙarin fitilun da aka ɗaura. In kilif ya karye, igiyar roba mai zarge kanta za ta riƙe ta a ramin asali.

An gyara amma allo bai canza ba

Wannan kan sa a sake kwance aikin da ya riga ya yi kyau. Masu ƙera mota sun san hucin inji na yaudarar sensa, don haka sun sa kwamfuta ta karɓi saukar lamba da wuri, amma ta yi jinkirin karɓar hawanta. Motoci da yawa ba sa ɗaga lambar sai an yi gudu sama da kilomita 30 a sa'a na wani ɗan lokaci, kuma digiri ɗaya-ɗaya suke ɗagawa. Daga −40 zuwa 38 tafiya ce mai nisa. Goge lambar kuskure da sikanin, ka hau titi mai sarari na minti goma zuwa ashirin. In ba ta gama daidaita ba, bar motar ta kwana, da safe yawanci sabon awo take ɗauka.

Cire kan batir na nagatif na minti goma yakan tilasta wa wasu motocin su fara daga farko, amma tabbatar kana da lambar buɗe rediyo kafin ka yi, musamman a Honda, kuma agogo da tashoshin rediyo za su goge. In bayan komai lambar ta zauna da kuskuren digiri ɗaya ko biyu, Honda da yawa suna ba da damar gyara ta har digiri 3 sama ko ƙasa a °C, ko 5 a °F: kawo zafin waje kan allo, danne madannin goge kilomita na wajen daƙiƙa goma har lambobin gyara su fara wucewa, ka saki a kan wadda kake so. Yi wannan da safe da ma'aunin hannu a gefe, bayan ka ɗan yi tafiya, ba a tsaye cikin rana ba.